Daga Majigi Zuwa Dogon Zango: Yadda Wasan Kwaikwayo Ke Nuna Gubar Magani

Duk wanda ya saba kallon wasan kwaikwayon Hausa ya san yadda ake cin guba a cikinsa. Kishiya za ta faki ido ta barbaɗa wani farin gari a kwanon miya. Maigida ya kai loma ɗaya, kafin ta biyu ta isa baki ya dafe ciki, kumfa ta keto, ya zube ƙasa. Daga nan sai asibiti. An ɗaura masa ƙarin ruwa, dangi sun yi cirko-cirko a baranda, likita ya fito yana zare tabarau, ya dubi mahaifin ya ce, "Alhaji, sai dai haƙuri." Duka-duka ba a ci minti biyar ba.

Masu kallo a Jega da Aliero da Maiyama sun sha ganin wannan fitowa, tun zamanin da yara ke cika tsakar gidan mai talabijin guda a unguwa, har zuwa yau da ake kai waya shago a loda mata fina-finai. A tsawon waɗannan shekaru kyamara ta canza, sauti ya gyaru, labari ya ƙara tsawo, amma gadon asibitin cikin fim yana nan inda aka bar shi. Gubar da ke kwantar da mutanenmu a zahiri kuwa ta fi fitowa daga kwalba ko ƙwayar da aka saya da kuɗi da kyakkyawar niyya, kuma aikinta a hankali take yi, cikin kwanaki ko shekaru. Wannan tazara tsakanin fim da gaskiya tana da tarihi, tana kuma da farashi.

Majigi da darasin lafiya ya fara

Hoto mai motsi ya shigo ƙauyukanmu ne a matsayin malamin tsafta. Wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas a ƙarshen shekarun 1920 don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, kuma shi aka ɗora kan sashen shirya fina-finai na mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Daga nan motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna yadda ake rigakafi da tsaftace rijiya da zuwa asibiti, mai fassara yana bayani da Hausa. Fina-finan suna da nasu aibin, domin sukan raina hankalin mai kallo, amma sun bar mana wata al'ada: jama'a sun saba ɗaukar abin da suka gani a allo game da lafiya a matsayin magana daga masana.

Talabijin ya zo ya gaji wannan amana. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sannan a 1977 aka haɗa tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA. A lokacin Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Wasannin wancan zamani, irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da Kuliya Manta Sabo da Karkuzu, sun fi karkata ga raha da gyaran hali. Rashin lafiya a cikinsu hanya ce ta tona asirin bokan ƙarya ko ta jan kunnen mai ƙin zuwa asibiti. Ba su shiga zurfin aikin likita ba, ba su kuma yi da'awar sun shiga ba.

Bidiyo ya kawo ciwon soyayya

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa har ta sami sunan Kannywood a 1999. Masu shirya waɗannan fina-finai sun tashi ne da kallon na Indiya, kuma daga can suka ɗauko asibitinsu. Dattawan da suka yi zamanin silima ba za su manta da Amar Akbar Anthony na 1977 ba, inda 'yan'uwa uku suka kwanta a jere, jininsu yana haurawa sama ta cikin roba yana haɗuwa a kwalba ɗaya, yana gangarawa kai tsaye jikin mahaifiyarsu. Fitowar ta sa mutane hawaye, amma babu asibitin da ke ƙarin jini haka.

Da wannan gado aka gina cututtukan fim ɗin Hausa. Yarinyar da aka hana wanda take so sai ta kamu da ciwon zuciya, ta yi tari a hankici a ga jini. Mai ciwon ƙoda yau za a gano cutarsa, gobe likita ya ambaci miliyoyin da za a kai shi Indiya, jibi masoyiya ta ba da ƙodarta, mako na zagayowa a sha biki. Guba kuwa kullum tana da mai ita: kishiya, ko uwar miji, ko abokin kasuwanci mai hassada. Ba kasafai za ka ga fim ɗin da uwa mai ƙaunar ɗanta ce ta ba shi abin da ya cutar da shi ba tare da ta sani ba. Alhali a daidai waɗannan shekaru, abin da ke faruwa a asibitocin Nijeriya ke nan.

Abin da likitocin gaske suka gani

A shekarar da Turmin Danya ya fito, yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan an ba su farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol. Ruwa ne mai zaƙi-zaƙi da ake amfani da shi a masana'antu, wasu kan sayar da shi a madadin sinadarin da ya halatta a narka magani da shi. Wannan musiba na cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye da gwamnati suka kai ƙara, aka yi sulhu da Jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tun a 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da maganin saboda yadda yake lalata hanta.

A ƙarshen 2008 dayetilin gilaikol ya sake dawowa, wannan karon a cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 suka mutu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka kai su. A 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin da ya haɗa maganin shekara bakwai-bakwai. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta bayan shan abin sha da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami, da yawansu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya sanadiyyar magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya.

A labarin yaran da suka sha gurɓataccen magani babu kumfa a baki, babu faɗuwa nan take. Yaro yana zazzaɓi ko kukan haƙori, uwa ta ba shi cokali guda. Washegari ya fara amai da gudawa, sai a ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, a ƙara masa wani cokalin. Hanta tana sarrafa sinadarin, tana mayar da shi wani abu mai ƙona ƙananan bututun ƙoda. Bayan kwana biyu ko uku uwa za ta lura zanin goyonta a bushe yake, yaron bai yi fitsari ba tun jiya. Fuska ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, hankali ya gushe. Busasshen zanin nan shi ne ƙararrawar da ya kamata kowace uwa ta sani, kuma fitowa ce da za ta girgiza mai kallo fiye da kowace kumfa.

Yadda hanta da ƙoda ke gazawa

Farasitamol, wanda kowa ke kira fanadol, magani ne mai aminci idan an tsaya kan ƙa'ida. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce giram huɗu a yini ba, wato ƙwaya takwas mai miligiram 500, a rarrabe. Hanta kan mayar da wani ɗan kaso nasa guba, amma tana da ajiyar makarin da ke kashe wannan guba. Idan maganin ya yi yawa ajiyar sai ta ƙare. Mutum kan wuce ƙa'ida bai sani ba, domin maganin mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai a haɗa uku a sha lokaci ɗaya.

Haɗarin yana cikin yinin farko. Wanda ya sha fiye da kima zai iya jin tashin zuciya kawai, ko ma ya tashi garau ya ci abinci. Dangi su ce Allah ya kiyaye, a fasa zuwa asibiti. A kwana na biyu zuwa na uku ciwo ya fara a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A na uku zuwa na huɗu ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, magana ta rikice, jini ya daina daskarewa. Akwai makarin da likitoci ke bayarwa, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa takwas na farko, wato a daidai lokacin da majinyacin ke cewa lafiyarsa ƙalau. Fim ɗin da ya koya wa mutane cewa wanda bai faɗi ba ya tsira, ya cinye musu waɗannan awanni takwas.

Ita kuwa ƙoda tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana, ta matatu kimanin miliyan guda a kowane ɓangare. Dubi manomin albasa a fadamar Aliero a watan Maris. Tun asuba yake ban ruwa, gumi ya jiƙe rigarsa ya bushe ya bar farin gishiri a kafaɗa, ruwan da ya sha bai kai wanda ya fita ba. Da magariba ya biya ta kemis ya ce, "Likita, a haɗa min na gajiya." A ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ciki har da dikulofenak da ibufurofen, wani lokaci da firoksikam, dukkansu dangi ɗaya. Wannan dangin magani yana rage jinin da ke shiga ƙoda, a jikin da ya riga ya bushe. Ciwon baya zai lafa, gobe ya koma gona, jibi ya sake saye. Haka direban da ke kwana a tashar Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, da mai noman shinkafa a ƙasar Maiyama, da wanda aka kawo wa masu ɗori a Aliero yana danne zogin karaya da ƙwaya mako bayan mako.

Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma wanda ke da ɗayansu shi ya fi shiga haɗari idan ya ɗora waɗannan ƙwayoyi a kai. Ƙoda na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Alamomin da ke biyowa baya ba su da hayaniya: kumburin ƙafa da fatar ido da safe, kasala, ƙaiƙayi, rashin son abinci, fitsari mai kumfa. Allurar jentamaisin ma tana taɓa ƙoda da ji, shi ya sa NAFDAC ta haramta mai ƙarfin miligiram 280 a 2010. Ga ƙwayoyin sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, ga jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a kasuwa babu ma'auni.

Idan ƙoda ta tsaya farat ɗaya kuma aka kai mutum da wuri, sau da yawa takan farfaɗo. Idan ta mutu a hankali, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, a manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Sakkwato. Dashe kuwa, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002, yana buƙatar gwajin dacewar jini da na tsoka, sannan wanda aka yi wa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kuma hana cinikin sassan jikin ɗan Adam. Masana'antar Kannywood ba baƙuwa ba ce ga ciwon ƙoda, domin marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fama da shi kafin rasuwarsa a Disamba 2014.

Akwai wuri ɗaya da fim ya kusa dacewa da gaskiya. Fiya-fiya da danginsa na maganin ƙwari suna aiki da sauri, yawu ya dalalo, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina. A nan kuskuren yana wajen agaji. Ɗura wa mutum manja ko madara, ko cusa masa yatsa don ya yi amai, na iya tura gubar cikin huhu. Abin yi shi ne a cire masa tufafin da suka jiƙe da maganin, a wanke fatar, a kwantar da shi a gefe guda, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Darasi daga Amurka da Ingila

Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1996 wasu likitoci a Amurka suka bi diddigin shirye-shiryen ER da Chicago Hope da Rescue 911, suka tarar kashi 75 cikin ɗari na waɗanda zuciyarsu ta tsaya a fim suna farfaɗowa idan an danna musu ƙirji, adadin da ya zarce na gaskiya nesa ba kusa ba. A 2001 aka kafa wani ofishi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya wanda aikinsa haɗa marubutan fim da likitoci kyauta.

Abin da ya faru a Ingila ya fi shafar zancenmu. A Nuwamba 1996 shirin Casualty na BBC ya nuna wani mutum da ya sha farasitamol da yawa da gangan, hantarsa ta gaza daga baya. Binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna masu kallon shirin sun fi sauran jama'a sanin cewa illar maganin kan jinkirta, kuma ilimin ya zauna musu watanni bayan haka. Amma a asibitoci 49 da aka duba, masu zuwa saboda shan magani da gangan sun ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a makon farko, da kashi 9 a mako na biyu. Ke nan gaskiya ma tana da adabin faɗa. A nuna alamomi da sakamako da hanyar ceto, a ɓoye adadi da yadda aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa masu shirya fim jagora kan haka a 2019.

Zamanin dogon zango

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka biyo, YouTube ya zama sabon gidan kallo. Daɗin Kowa ya taɓo shaye-shayen matasa da mutunci, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Rediyo ma ya nuna hanya. Gugar Goge ya yi magana kan yoyon fitsari a 2006, sannan Albishirin Ku!, wanda aka watsa a Kebbi da Sakkwato da Bauci, an gina labarinsa ne tare da masana lafiyar uwa da yaro, kuma bai rasa masu sauraro ba don ya faɗi daidai. Ƙarfin hoto na gaskiya ya bayyana a 2018: BBC ta saki bincikenta kan maganin tari mai kodin a ranar 30 ga Afrilu, gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a ranar 1 ga Mayu.

Uzurin da masu fim ɗin kaset ke da shi a da shi ne ƙarancin lokaci, dole labari ya ƙare cikin awa biyu. Dogon zango ya kawar da wannan uzuri. Shirin da ke iya jan rigimar gado har mako ashirin zai iya ba hanta kwana huɗunta. A mako na farko a ga saurayi ya tashi daga gado yana dariya, dangi suna murna. A na biyu ƙanwarsa ta ce, "Yaya, idonka ya canza." Mai kallon da ya san abin da ke tafe ba zai iya tashi daga gaban allo ba, wanda bai sani ba kuma ya koya.

Kira ga masu alƙalami da masu kallo

Marubucin da zai saka ciwo a labarinsa ya zauna da likita ko mai haɗa magunguna ko ma'aikaciyar jinya, ya yi tambaya huɗu: yaushe alamar farko ke fitowa, me dangi za su gani da idonsu, me ya kamata su yi, wane kuskure aka fi yi. Masu amsa ba su da nisa. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha, a Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, kuma matasan da ke shirya gajerun wasanni da waya a waɗannan garuruwa suna da 'yan'uwa a cikinsu. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001, da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, su sanya duba maganar lafiya cikin abin da ake nema kafin fim ya fita, kamar yadda ake duba sutura da lafazi. Rigakafi ya fi magani, kuma fitowa ɗaya da aka yi daidai rigakafi ce ga gidaje dubbai.

Kai kuma mai kallo, ka sha daɗin fim ɗinka, amma kada ka auna lafiyar iyalinka da shi. Duk wanda ya sha magani fiye da ƙa'ida a kai shi asibiti nan take, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da ya yini ya kwana bai yi fitsari ba, ko wanda idonsa ya yi rawaya, ko ƙafarsa ta kumbura, kada a jira wayewar gari. A tafi da kwalbar ko ledar maganin da ya sha, a faɗa wa likita gaskiya, har da jiƙon da aka ba shi a gida.